Yadda za ka shirya tafiya lardin Nordland na Norwe ba tare da ka wahalar da kanka ba

Kafin ka sayi tikiti, buɗe taswira ka kalli Nordland da kyau. Lardi ne siriri, dogo kamar igiya, an shimfiɗa shi a gaɓar teku a arewacin Norwe. Duwatsu da iyakar Suwidin a gabas, ruwa a yamma. Faɗin ƙasarsa ya kai murabba'in kilomita 38,000, mutanensa kuwa wajen 240,000 ne kacal. Kuskuren da na yi a zuwana na farko shi ne na ɗauka zan gama shi cikin kwana biyar. Ina! Hanyar gaɓar teku kaɗai, wadda ta taso daga Steinkjer ta ƙare a Bodø, ta kai kilomita 650, kuma sau shida za ka shiga jirgin fito da motarka. Don haka shawarata ita ce ka zaɓi Bodø da tsibiran Lofoten, sauran ka bar wa wani jiƙon.

Bodø ita ce hedikwatar lardin. Daga Oslo awa ɗaya da rabi ne a jirgin sama, kuma filin jirgin yana manne da gari, har da ƙafa ana shiga. Amma in kana da lokaci, hau jirgin ƙasa daga Trondheim: kilomita 729, kusan awa 10. A kan tudun Saltfjellet za ka tsallaka layin da ake kira da'irar Aktik, wanda daga shi zuwa arewa ake samun ranakun da rana ba ta faɗuwa; a saman tudun itatuwa kan ƙare, sai dutse da ƙanƙara. Ka tabbatar jirgin yana aiki a ranar tafiyarka, don wani lokaci bas ake haɗa mutane da ita.

Yanzu ga babbar magana, wadda ba kasafai littattafan yawon buɗe ido ke kula da ita ba: rana da lokutan salla. A Bodø, daga farkon Yuni zuwa farkon Yuli rana ba ta faɗuwa. Ƙarfe goma sha biyun dare za ka ga yara suna ƙwallo da haske tarwai. A Lofoten kuma, a mafi yawan watan Disamba, ba ta fitowa sam. Manhajar wayarka za ta rikice, ko ta ba ka magariba da asuba a manne. Musulmin arewacin Norwe da dama suna bin lokutan Makka a irin waɗannan makonni, wasu kuma suna bin gari mafi kusa da ake samun dare da rana. Ka tambayi malaminka tun kana gida, ka tsaya kan fatawa ɗaya, ka rubuta lokutan a takarda. Ni na Makka na bi. Ka kuma tafi da ƙyallen rufe ido, in ba haka ba barci zai gagare ka.

Kana Bodø, ka ware rabin yini don Saltstraumen, kimanin kilomita 30 daga gari. Mashigi ne matsattse da ruwan teku ke kutsawa ta cikinsa yana juyi kamar ana tuƙa tuwo. Sirrin wurin shi ne lokaci: kusan duk awa shida ruwan ke kai ƙarshen ƙarfinsa. Ka duba jadawalin ranar kafin ka fita. Wanda ya je a tsakani zai tarar da ruwa kwance lumui, ya dawo yana cewa an yaudare shi.

Daga nan sai jirgin ruwa zuwa Moskenes a Lofoten, awa uku zuwa huɗu. In teku na juya maka ciki, sha magani tun kafin a tashi, ka zauna tsakiya. In da mota kake a lokacin zafi, ka kama wuri tun da wuri. Na taɓa kwana cikin mota a layi saboda sakacina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a Lofoten kifi ne. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da Ibo ke kira okporoko, wanda ake gani a kasuwar Sabon Gari, daga irin waɗannan tsibirai yake fitowa. Daga Janairu zuwa Afrilu kifin da suke kira skrei yake gangarowa daga tekun Barents don ya yi ƙwai. A kama shi, a ɗaure bibbiyu ta wutsiya, a rataya a kan manyan rumfunan katako da suke kira hjell. Ba gishiri, ba hayaƙi. Iska mai sanyi ce kawai ke aikin har wajen Yuni. Italiya ke ɗaukar mafi kyau, kawunan kuwa galibi Najeriya ake kai su. In kana son ganin rumfunan cike, ka je tsakanin Maris da Mayu, ka kuma shirya wa warin. A ƙauyen Å, inda titin E10 ya ƙare, akwai gidan tarihi na wannan kifi. Masauki kuma ka nemi rorbu, jajayen ɗakunan masunta da ke tsaye a kan ruwa, musamman mai kicin, don gidan abinci a can yana cin aljihu.

Wajen cefane ka haddace kalma ɗaya, svin, wato alade. Ka riƙa duba ta a jikin kunshi, musamman tsiran nama da suke kira pølse. Kifi da ƙwai da burodi sun ishe ka. Ruwan famfo ana sha. Manyan shaguna a rufe suke ranar Lahadi, saboda haka ka yi sayayya ranar Asabar. Kati suke karɓa kusan ko'ina, kada ka canja kuɗinsu na krone da yawa.

Sutura kuwa, kada sunan bazara ya ruɗe ka. Yulinsu ya fi hunturunmu sanyi, ga ruwa ga iska. Riga mai hana ruwa shiga, suwaita ta ulu, da takalmi mai kama dutse. Laima ka bar ta gida, iskar Bodø za ta juye ta kafin ka kai bakin titi.