Kurakuran da masu haɗa firintar 3D a gida suka fi yi da yadda ake gyara su

Duk wanda ya zo min da kukan wai firintar da ya haɗa tana fitar da kaya a karkace ko layi-layi, abu na farko da nake tambayarsa shi ne, malam ka taɓa ɗora sukwaya a jikin firam ɗin nan kuwa? Yawanci amsar a'a ce, amma zai ce maka ya canza saiti a Cura, manhajar da ke shirya wa firinta abin da za ta buga, har ya gaji. Toh nan ne babban kuskuren da aka fi yi, matsalar tana jikin ƙarfe da waya amma mutum yana can kan kwamfuta yana nemanta. Tun da Adrian Bowyer ya fara aikin RepRap, wato firintar 3D da za ta iya buga sassan jikinta, a jami'ar Bath ta Ingila a 2005, har zuwa firintar Prusa i3 da Josef Prusa ya fitar a 2012 wadda yawancinmu tsarinta muke kwaikwaya, injin nan dai moto ne da bel da hita, in waɗannan ba su zauna daidai ba babu manhajar da za ta cece ka.

Sai ka fara da firam. Ginshiƙan da ke tsaye dole su yi daidai da na kwance, ka sassauta notina gaba ɗaya, ka ajiye injin a kan tebur mai santsi wanda bai lanƙwashe ba, ka sa sukwaya sannan ka riƙa ɗaurewa a hankali ɗaya bayan ɗaya. Bel kuma kar ya yi sako-sako kar kuma ka ja shi kamar za ka tsinka, in ka taɓa shi da yatsa ka ji ya yi ɗan amo mai kauri ya isa. Akwai wani ƙaramin abu da mutane suke mantawa da shi wanda wallahi yana ɓata ranar mutum, ɗan notin da ke riƙe fuli, wato ƴar tayar nan mai haƙora da ke jan bel, a jikin sandar moto. Sandar tana da gefe ɗaya da aka shafe, a kan wannan gefen ake ɗaure notin, in ba haka ba aiki yana tsaka da tafiya sai fulin ya zame, ka ga rabin abin da kake bugawa ya goce gefe guda.

Sannan kayan robar da suke riƙe injin, irin maƙalin moto da na kan da ke fitar da roba, dan Allah kar a buga su da robar da ake kira PLA. PLA yana fara laushi tun wajen digiri 60, moto kuma yana zafi, ga mu a ƙasar da a watan Afrilu ɗaki mai rufin kwano yake zama abin da yake zama, sai maƙalin ya riƙa lanƙwashewa a hankali ba ka sani ba, bel ya saki, kai kuma kana ta mamaki. Robar PETG ko ta ABS, da suka fi jure zafi, ake sawa a wuraren nan.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wuta. Wannan ba ta ɓata aiki ce kawai ba, ta ƙona gida ce. Kan firinta yana kaiwa digiri 200 zuwa 250, kuma abin da ke gaya wa bod, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, yawan zafin wani ɗan mitsitsin ma'auni ne da ake kira tamista, in ya zame daga raminsa bod zai ɗauka kan ya huce sai ya ci gaba da tura wuta a hita ba tsayawa. Shi ya sa Marlin, manhajar da ke cikin bod tana tafiyar da injin, yake da kariyar da ke kashe hita in ya ga zafi ba ya hawa yadda ya kamata, a cikin fayil ɗinsa na Configuration.h za ka ga THERMAL_PROTECTION_HOTENDS da THERMAL_PROTECTION_BED. Abin takaicin shi ne wasu in injin ya dame su da tsayawa yana nuna kuskuren zafi sai su je su kashe wannan kariyar su ce sun gyara. Ba ka gyara komai ba ɗan'uwa, injin gaskiya yake gaya maka. Duba tamistan ko ya zauna da kyau, duba ko fankar da ke hura aiki tana bugun kan hitar kai tsaye, sa masa rigar silikon ɗin nan, sannan ka tura wa injin umarnin M303 E0 S200 C8 ya auna kansa ya ba ka lambobin PID, waɗanda ke daidaita zafin kan, ka adana.

Haka wayoyin faranti, wato shimfiɗar nan mai ɗumi da ake buga aiki a kanta. In 12V kake amfani da shi farantin zai iya jan amfiya 10 ko fiye, wayar fanka ko ta rediyo ba za ta ɗauka ba, kuma mahaɗin da ke kan bod ɗin RAMPS 1.4 an san shi da zafi har ya narke in bai ɗauru ba. Wani abin da masu gyaran lantarki suka saba, su shafa wa bakin waya dalma kafin su ɗaure ta da noti, a nan kuskure ne domin dalma tana lotsawa da daɗewa, wayar ta yi sako-sako, wurin ya fara zafi. A matse mata ɗan bututun ƙarfen nan na bakin waya, ko a murɗe ta tsurarta a ɗaure sosai a riƙa dubawa lokaci-lokaci. In da hali a sa wa farantin MOSFET na waje, wato makunnin lantarki da ke ɗauke wa bod nauyin wutar farantin, ko tun farko a gina injin a kan 24V. Kuma kafin ka jona fawa sufulai ɗinka karon farko, leƙa gefensa, wasu suna da ɗan makunni na 115 da 230, mu wutarmu 230 ce, in ka jona yana kan 115 shikenan ka yi asara a daƙiƙa ɗaya.

Direbobin moto, wato ƙananan allunan da ake sokawa a bod suna ba moto wuta, su ma an ƙona su ba adadi. Kar ka taɓa cire wayar moto ko ka mayar da ita alhali injin yana kunne, kar kuma ka soka direba a juye, ka duba rubutun ƙafafunsa ka gwada da na bod. Direba A4988 yana da ɗan noti a samansa na saita ƙarfin wutar da ke zuwa moto, mutane sai su bar shi yadda ya zo. In wutar ta yi kaɗan moto ya riƙa tsallake taku, in ta yi yawa direban ya yi zafi ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Da mita ake auna shi, in rizistan da ke jikinsa an rubuta R100 kuma kana son amfiya 1, sai ka saita 0.8V, in R050 ne rabin haka. A liƙa masa ƙarfen sanyaya shi a sa fanka tana hura bod ɗin, a zafinmu wannan ba zaɓi ba ne.

Lissafin taku kuma ba a yinsa da ka. Moto NEMA 17 na yau da kullum taku 200 yake yi a zagaye ɗaya, in an raba kowane taku gida 16 ga bel GT2 mai tazarar milimita 2 tsakanin haƙoransa da fuli mai haƙora 20, taku 80 ke nan a kowace milimita. In fulinka mai haƙora 16 ne to 100 ne, shi ya sa kwafo saitin wani ba tare da ƙirga haƙoran naka ba yake fitar da kaya ƙanana ko manya. Takun moton da ke turo roba kuwa aunawa ake yi, ka yi alama a jikin filamen, wato zaren robar da injin ke narkarwa, milimita 120 daga inda yake shiga, ka dumama kai ka ce ya turo 100, in ka auna ka ga saura 26 maimakon 20 to 94 ya tura. Ka ninka tsohuwar lambar da 100 ka raba da 94, misali 93 za ta koma 98.9, ka tura M92 E98.9 sannan M500 don adanawa, amma ka tabbata ka kunna EEPROM, wato ma'ajiyar saiti, a Marlin in ba haka ba kana kashe injin ya manta.

Shimfiɗar roba ta farko in ba ta kama faranti ba, ka dumama faranti da kai tukuna kafin ka daidaita tazarar da ke tsakaninsu da takarda domin ƙarfe yana buɗewa in ya yi zafi, ka goge farantin da sifirit ka daina dafa shi da hannu, maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana roba kamawa. Da hunturu kuma ƙura tana sauka a kai kullum, a rufe injin da ƙyalle in ba a aiki, a ratsa filamen ta cikin ɗan soso kafin ya shiga.

Toshewar nozul, wato ɗan bakin da roba ke fitowa, yawanci abu biyu ne. Ko fankar da ke sanyaya saman kai ta mutu ko an jona ta inda take kashe kanta, alhali ita wannan muddin kai yana da zafi dole ta yi ta juyawa, in ba haka ba roba ta yi laushi tun daga sama ta cushe. Ko kuma an ɗaure nozul da sanyinsa an bar ɗan gibi a ciki, roba ta taru a nan tana tsiyaya ta gefe. A ɗaure shi da zafinsa, a yanke bakin bututun PTFE da filamen ke bi ta cikinsa a miƙe ɗoɗar, kuma in bututun yana kaiwa har bakin nozul kar a wuce digiri 240 da shi. Da damina in ka ji filamen yana ƙara tas-tas yana barin zare-zare, danshi ya sha, a busar da PLA a wajen digiri 45 na wasu awanni sannan a adana shi a robar da ke rufuwa ruf da silika a ciki.

Ɗaukewar wuta kuma kowa ya san halin da muke ciki, aikin awa goma a ɗauke a ta tara. Marlin yana da POWER_LOSS_RECOVERY da ke ci gaba daga inda aka tsaya in daga katin SD kake bugawa, sai dai in faranti ya huce aikin yakan ɓanɓare, don haka inbata ko UPS ya fi, kuma PLA da faranti a digiri 55 ba ya cin batir kamar ABS da ke neman 100. In ka fara gyara kuma ka canza abu ɗaya kawai, ka buga ɗan kub mai milimita 20, ka auna shi da ma'aunin kauri da ake kira kalifa ka rubuta a littafi kafin ka taɓa na gaba.