Kurakuran da aka fi yi wajen shirya hutun tuƙin keke a tsaunukan Alps

A kan iyakar Faransa da Suwizalan akwai yankin da ake kira Portes du Soleil, wanda ya haɗa garuruwa irin su Morzine da Les Gets da Avoriaz da Châtel a ɓangaren Faransa, da Champéry da Morgins a ɓangaren Suwizalan. Da hunturu wurin na masu zamiya a kan ƙanƙara ne. Idan bazara ta shigo, kujerun nan masu rataye a waya, wato lif, su ne ke ɗaukar mutum da kekensa su kai shi saman dutse, shi kuma ya gangaro. Na lura yawancin abin da ke ɓata wa mutane wannan hutu tun daga gida suke ƙulla shi, kafin su taɓa keken ma.

Na farko dai lokaci. Mutum ya ji an ce bazara, sai ya yanki tikitin watan Mayu ko tsakiyar Satumba don ya fi araha, ya isa ya tarar da lif a rufe. Lif-lif ɗin da ke haɗa garuruwan da juna sai wajen ƙarshen Yuni suke buɗewa gaba ɗaya, su fara rufewa daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, kuma kowane gari da nasa ranakun. Ka duba ranakun a shafin garin da za ka sauka kafin ka biya ko sisi. Ni na fi son farkon Yuli, domin zuwa Agusta jama'a sun cika, hanyoyin kuma duk sun yi kunya-kunya saboda taka birki.

Sai biza. Filin jirgin da ya fi kusa shi ne na Jeniba, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota zuwa Morzine. Saboda jirgi a Suwizalan zai sauka, wasu sai su nufi ofishin jakadancinta. Ƙa'idar bizar Schengen, wato biza ɗaya da ke shigar da mutum ƙasashen Turai da dama har da Faransa da Suwizalan, ita ce ka nema daga ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, don haka mai kwana a Morzine wajen Faransa zai nema. Ana karɓar takardu tun wata shida kafin tafiya, kada ka bari sai ya rage mako biyu.

Maganar inshora ce ta fi damuna, domin nan ne kuskure ke da tsada ƙwarai. Masu ba da biza suna buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, mutum ya saya, ya saki jiki cewa ya gama. Alhali da yawa daga cikin irin waɗannan takardu sun cire wasanni masu haɗari, kuma gangarowa daga dutse a kan keke na cikin abin da suke cirewa. Idan ka karya ƙashin wuya a wurin da mota ba ta zuwa, jirgi mai saukar ungulu ne zai ɗauko ka, kuma a Suwizalan takardar kuɗi za ta biyo ka har gida. Ka rubuta wa kamfanin, ka tambaye su a fili ko inshorar ta ƙunshi gangaren keke a hanyoyin da lif ke kai mutum, da ceto ta jirgi, da mayar da kai gida. Su amsa maka a rubuce. Lambar gaggawa 112 ce a ƙasashen biyu, ka ajiye ta.

Akwai kuma wani ƙaramin abu da nake roƙon kowa ya duba tun a ƙofar shagon haya. Wanda ya saba da babur ya san birkin gaba a hannun dama yake, haka ma kekunan Ingila. A Faransa birkin gaba a hagu yake. Na ga wani matashi ya karɓi keke bai gwada ba, a kwanar farko ya damƙe hannun hagu da ƙarfi yana zaton tayar baya zai tsayar. Tayar gaba ta ƙame, ya wuntsula ta kan kan keken, ya tashi haɓarsa na jini, hutun kwana shida ya koma zaman ɗaki. Kafin ka bar shago ka tura keken da hannu, ka matsa kowane birki ka ga wace taya ta tsaya. In bai dace da sabonka ba, ka ce su juya maka, aikin mintoci ne. Ka haɗa da hular kwano mai rufe haɓa, da kariyar gwiwa da ta baya, da safar hannu.

Hanyoyin an raba su da launi: kore mafi sauƙi, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi. Mai ƙarfin tuƙa kilomita 50 a kan kwalta yakan ɗauka ja ne daidai da shi. Gangare ba ƙarfin cinya yake nema ba, yatsu da damatsa ne ke aikin, kuma bayan sauka huɗu ko biyar za ka ji hannunka ya ƙi damƙe birki. Wurin nan ba na wasa ba ne: Les Gets ta karɓi gasar duniya ta keken dutse a 2004 da 2022, Champéry kuma a 2011, kuma hanyar Champéry ta yi suna wajen tsananin gangare. Ka yi ranar farko a kore da shuɗi na Les Gets, in da hali ka ɗauki malami na rabin yini, sannan ka huta a rana ta uku ko da kana jin da sauran ƙarfinka.

Mai niyyar zuwa da nasa keken ya sani jirgin fasinja ba ya ɗaukar batirin da ya wuce 160Wh (Wh ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa ne), batirin keken lantarki kuwa ya ninka haka. Ya kuma zo da fatar birki ta canji, domin ranar ruwa ɗaya na iya cinye ta.

Kayan sawa ma ana kuskurensu. Morzine na kan tsayin kusan mita 1,000, Avoriaz 1,800, saman dutsen Mossettes ya haura 2,200, kuma duk mita dubu zafi na raguwa da kusan digiri 6. Kana gumi a gari, a sama haƙora na kaɗawa. Hadari ya fi tasowa da la'asar, kuma da an ga walƙiya ake tsayar da lif. Saboda haka rigar ruwa ba ta fita daga jaka, kuma tsallakawa Suwizalan da safe ake yi. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 a farkon Yuli, hasken sai ya ruɗi mutum, alhali lif tun wajen ƙarfe 5 ya tashi daga aiki. Wanda lif na ƙarshe ya kuɓuce masa a Champéry, sai tasi ta zagaya da shi ta hanyar mota mai nisa, kuma da faran, kuɗin Suwizalan, zai biya, ba Yuro ba. Ka rubuta lokacin rufe kowane lif da za ka bi wajen dawowa, ka juyo da saura awa guda.