Rage Surutun pip da apt-get Lokacin Girka Manhaja

Layukan da ke kwarara a allon umarni yayin girka manhaja yawancinsu ba su da amfani, har sai ranar da aiki ya lalace. Saboda haka a rage abin da ke fitowa a allo, amma cikakken bayani ya tafi cikin fayil.

A pip, manhajar girka kayan Python, abin da sauƙi. Alamar `-q` tana ɓoye bayanan yau da kullum ta bar gargaɗi, `-qq` ta bar kurakurai kawai, `-qqq` kuma sai matsala mafi tsanani. Akasinta `-v`, ita ma ana ninka ta har sau 3. Haɗin da ya fi dacewa shi ne:

`pip install -q --log girkawa.log requests`

Allo zai yi tsit, fayil ɗin kuwa zai samu komai dalla-dalla. Ka lura `--log` ƙari yake yi a kan tsohon rubutu, ba ya gogewa, don haka fayil zai yi ta kumbura.

Wurin apt-get, manhajar girkawa ta Debian da Ubuntu, ake yin tuntuɓe. `-q` guda ɗaya tana cire ma'aunin ci gaban saukarwa ne kawai. Amma `-qq` tana ɗauke da `-y` a ciki, wato ta amsa "eh" a madadinka, ko da apt ya yanke shawarar cire wasu manhajoji. Fara gwadawa da `-s` ka ga abin da zai faru ba tare da an taɓa komai ba. Kuma ko da `-qq`, za ka ci gaba da ganin layukan `Unpacking` da `Setting up`, domin daga dpkg suke fitowa, wato manhajar da apt ke kira ta yi ainihin girkawar. Tura su fayil:

`sudo apt-get -qq install curl > apt.log`

Kurakurai za su ci gaba da bayyana a allo, tunda hanyarsu daban ce. Kada ka ƙara `2>/dev/null`, wanda ke zubar da saƙonnin kurakurai. Girkawa na iya gazawa ba ka sani ba. In ma ka riga ka yi, leƙa `/var/log/apt/term.log` da `/var/log/apt/history.log`.

Idan kana son allo da fayil a lokaci guda, sa `2>&1 | tee apt.log` a ƙarshen umarnin. Sai dai a nan `$?`, lambar da ke nuna ko umarni ya yi nasara, sakamakon `tee` yake nunawa, wanda kusan kullum 0 ne (wato nasara) ko da girkawar ta gaza. A bash, rubuta `set -o pipefail` tun kafin umarnin domin `$?` ya nuna gazawar.