Yadda ake cire baurin 'ya'yan itacen ok kafin a ci

'Yan uwa mazauna Turai da Amurka waɗanda likita ya hana cin alkama, garin 'ya'yan itacen ok (oak, wanda ake kiran 'ya'yansa acorn da Turanci) ba shi da gulutin, sinadarin da ke cikin alkama, amma kada a ci su ɗanye. Akwai sinadarin tanin a ciki, shi ke kawo bauri irin na ɗanyen goro, yana ɓata ciki, yana kuma hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe.

Da farko a zuba su cikin ruwa. Wanda ya taso sama ko mai ɗan rami, tsutsa ta riga ku, a zubar. A fasa, a cire ɓawo da jar fatar ciki, a niƙa. Sai a zuba garin a kwalba da ruwan sanyi ninki uku, a sa a firij, kullum a tsiyaye ruwan da ya yi ja a sake sabo. Wani iri kwana 4 ya isa, jan ok kan kai mako 2. Harshe ne alƙali: in da sauran bauri, a ci gaba.

Tafasawa ta fi sauri, amma tana dafa sitacin, garin ba zai kama ba. Shi ya sa jiƙon sanyi ya fi in ana son dotorimuk, wani daskararren abinci na Koriya da ake yi da sitacin 'ya'yan ok: kofi 1 na sitaci, kofi 5 zuwa 6 na ruwa, a yi ta juyawa a ƙaramar wuta har ya yi kauri, a juye ya daskare.

Garin yana da mai, a shanya shi sosai a adana a firiza. Mai ciwon suga ya auna, sitacinsa da yawa.