Yadda za a lura da muƙamuƙin mai ciwon ƙarin jijiya na gado

Ciwon da likitoci ke kira NF1, wanda likitan Jamus Friedrich von Recklinghausen ya yi bayaninsa a 1882, yana samun kusan mutum ɗaya cikin 3,000. Idan uwa ko uba na ɗauke da shi, duk ɗan da za su haifa yana iya gadonsa ko ya tsallake, rabi da rabi ne. Galibi a fata ake fara gane shi: tabo shida ko fiye masu launin shayi da madara, da ɗigo-ɗigo a hammata. Muƙamuƙi kuwa, inda ciwon ke iya fitar da ƙari a jikin jijiya, ba a cika tunawa da shi ba sai fuska ta fara karkacewa.

Da farko, a riƙa ɗaukar hoton fuskar yaro ta gaba duk bayan wata shida, baki a rufe, a ajiye don kwatantawa, domin idon da ke ganin fuska kullum ba ya kama canjin da ke tafiya a hankali. A duba ko haɓa ta zame gefe guda, ko haƙoran wani ɓangare sun makara ko sun fito a karkace, ko dasashi ya yi kauri.

Daga nan a nemi likitan haƙori ya ɗauki hoton ƙashi mai nuna muƙamuƙi gaba ɗaya. A nan ake ganin abin da ƙarin ya yi: hanyar da jijiya ke bi cikin muƙamuƙin ƙasa ta yi faɗi, ƙofar shigarta ta buɗe, ƙashin gefe ya yi siriri, wani lokacin ma haƙori na binne a ciki. Iyakar ƙarin kansa sai hoton MRI, mai nuna tsoka da jijiya, ke nunawa.

Kada a bari a cire haƙori ko a tsaga kumburi kafin a shaida wa likita akwai wannan ciwo, domin ƙarin da ya bazu yana cike da hanyoyin jini, kuma tsayar da zubarsa na da wuya. Wannan ba aikin wanzami ba ne, komai ƙwarewarsa.

Idan ƙarin ya soma girma da sauri, ko ya yi tauri, ko ciwo ya hana barci, ko leɓe ya mutu, a tafi asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba da ba, saboda irin wannan ƙari na iya rikiɗewa ya zama cutar daji.