Darasi: Baƙin Bututun Roba na Jan Ruwa

Baƙin bututun nan da ake sayarwa a naɗe kamar gammo, wanda ake jan ruwa da shi daga rijiyar burtsatse zuwa tanki, sunan robarsa foliyetilin. Ba ya tsatsa, gishirin ƙasa ba ya cin sa, kuma yana lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba. Baƙin nan kuwa wani gari ne mai kama da kunkunniya da aka cuɗa a robar don kada rana ta busar da ita.

Kafin ka biya kuɗi, karanta rubutun jikinsa. Lamba kamar 25, 32 ko 63 faɗinsa ne na waje a milimita. PN 10 na nufin zai jure nauyin ruwan da ya sauko daga tsayin mita 100. PN 16 ya fi shi kauri. Zane shuɗi na ruwan sha ne, rawaya na gas. Wanda babu rubutu ko kaɗan a jikinsa, bar wa mai shago kayansa.

Yawancin yoyo daga mahaɗa yake farawa. Gam ɗin da ake liƙa farin bututu da shi ba ya kama wannan robar, komai yawansa. Gasa baki a wuta a cusa wani cikin wani, a ɗaure da robar taya, aiki ne da ba ya daɗewa. Mahaɗi mai murɗawa ake sa wa: ka yanke bakin daidai, ka kankare gefensa, ka zura murfin mahaɗin da zoben riƙonsa a jikin bututun, ka tura bututun har ya wuce zoben robar da ke ciki ya tokare, sannan ka murɗe. In bai wuce zoben ba, zai ɗiga. Manyan bututu kuwa da na'ura ake narka bakunansu a zafin da ya ɗan haura digiri 200, a manne su.

Ramin da za a binne bututun ya kai zurfin santimita 60, ya fi haka inda mota ke bi. A shimfiɗa yashi santimita 10 a ƙasa, a tsince duwatsu masu kaifi. Zafi na miƙar da robar: mita 100 kan ƙaru da kusan santimita 40 in zafi ya hau da digiri 20. Don haka a kwantar da shi da ɗan karkace kamar tafiyar maciji, a rufe da sanyin safiya. Wanda aka ja ya miƙe sambal da tsakar rana, da dare sai ya tsuke ya fizge daga mahaɗinsa.

Kada ya bi ta inda fetur ko man dizal ke zuba, kamar gindin janareta. Man na ratsa robar ya ɓata ruwan. Kada kuma a sa masa ruwan zafi.

Bututun magudanar ruwan wanka da bayi kuwa, mai milimita 110, gangara yake so: santimita 2 da rabi a kowace mita. In gangarar ta gaza, datti ya kwanta ya toshe shi.