Inci nawa ya dace da falonka? Zaɓen girman talabijin da tazarar zama

Kafin ka tafi kasuwa, ɗauki tef ka auna falonka. Shago yana ruɗin ido: wuri ne mai faɗi, an jera manya da ƙanana gefe da gefe, sai mai inci 43 ta zama 'yar mitsitsiya kusa da mai inci 65. Abubuwa biyu ne ke tsayar da girman da ya dace da gida, wato tazarar da ke tsakanin idonka da fuskar talabijin, da kuma irin hoton da kuke kallo kullum.

Incin da ake faɗa ba faɗin talabijin ba ne. Ana auna shi a karkace, daga kusurwar sama zuwa kishiyarta ta ƙasa, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Mai inci 32 faɗin fuskarta kusan santimita 71 ne, tsayi 40. Mai 43 tana da 95 da 54, mai 55 tana da 122 da 68, mai 65 kuma 144 da 81. Ka riƙe waɗannan lambobi, domin su ne za su nuna ko za ta shiga tsakanin taga da ƙofa, ko ƙafafunta za su zauna a kan teburin da kake da shi.

Sai awon tazara. Kada ka auna daga bango zuwa bango. Zauna a kujerar da aka fi zama, ka jingina, a auna daga inda kanka yake zuwa inda fuskar talabijin za ta tsaya. Ɗaki mai ƙafa 12 ya ɗan haura mita uku da rabi, amma bayan kujera da tebur sun ci nasu, abin da ke saura ba ya wuce mita uku. Idan babu tef, ƙirga tayil ɗin ƙasa, muddin ka san ko mai santimita 40 ne ko 60.

Lissafin mai sauƙi ne: raba tazarar, a santimita, gida huɗu, abin da ya fito shi ne incin. Santimita 170 ta ba da kusan 43, 220 ta ba da 55, 260 ta ba da 65. Tushen wannan shi ne shawarar SMPTE, ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta Amurka, cewa hoto ya cika kusan digiri 30 na abin da ido ke gani. THX, kamfanin da ke tsara ma'aunin ingancin sauti da hoto na fina-finai, ya fi son digiri 40, irin na gidan silima, wanda ke nufin a raba gida uku. Wannan ya yi wa wanda fim kawai yake kallo, amma a labarai ko ƙwallo yana gajiyarwa, don sai an riƙa juya kai ana bin rubutun da ke wucewa a ƙasa.

A nan ne aka fi tafka kuskure. Wancan lissafi na hoto mai tsabta ne. Fuskar Full HD tana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, ta 4K kuma 3840 da 2160. Amma tashoshi da yawa da ke zuwa ta dish da dikoda har yanzu a tsohon ma'auni suke, mai layi 576 kacal. Idan aka shimfiɗa irin wannan hoto a kan inci 65, talabijin ba ta da inda za ta samo abin da babu, sai dai ta miƙe shi. Daga mita biyu za ka ga fuskokin mutane kamar an shafa musu mai, ciyawar fili ta dunƙule, lambar rigar ɗan wasa ta dishe. Mutum ya ɗauka an sayar masa da jabu, alhali girman ne ya fi ƙarfin hoton. Saboda haka in mafi yawan kallonku irin waɗannan tashoshi ne, ko fina-finan da aka tura a filashi aka matse su, raba tazarar gida shida: a mita uku, inci 50 ta wadatar. A shago ma ka roƙi mai kaya ya kashe bidiyon talla, ya jona dikoda, ka ja baya daidai tazarar gidanka ka gani da idonka.

Akwai dabarar da ba ta cin ko kwabo. Yanko kwali daidai faɗi da tsayin wadda kake so, ka manna a bango, ka zauna ka kalle shi. Idan sai ka motsa kai kafin ka ga gefe da gefe, ta yi girma.

Batun tsayi ya cancanci a tsaya a kai, domin masu kafewa suna son kai ta sama kusa da silin, wai don ado ko don kada yara su taɓa. Ƙa'ida ita ce tsakiyar fuskar ta yi daidai da idon wanda ke zaune. A kan kujerar falo, wannan kusan santimita 100 zuwa 110 ne daga ƙasa. Amma a gidajenmu rabin masu kallo a kan kafet ko tabarma suke, idonsu bai wuce santimita 80 ba. Wanda ya ɗaga kai tsawon wasan ƙwallo guda zai tashi da ciwon wuya. In dole sai an ɗaga, a sayi ƙarfen ratayewa mai sunkuyowa, a karkato fuskar ƙasa kaɗan. Duba ramuka huɗu da ke bayan talabijin kafin sayen ƙarfen, tazararsu kan zama milimita 200 ko 400, kuma dole su dace. Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa mai ɗaukar nauyi, gara a ɗora a tebur mai faɗi a ɗaure ta da bango don kada yaro ya jawo ta.

Idan kujerun falo sun zagaye bango, tambayi irin fuskar. Mai suna IPS tana riƙe launi ko daga gefe aka kalla, VA kuwa ta fi baƙi mai zurfi amma takan koɗe ga wanda ke can gefe. Kada ta fuskanci taga, hasken rana zai mai da ita madubi. A bar mata sarari ta sha iska, a riƙa share ƙurar hunturu da busasshen ƙyalle mai laushi. Mai amfani da sola ko inbata ya karanta yawan wat ɗin da aka rubuta a bayanta, domin mai inci 55 takan ci ninki biyu na mai 32, ko fiye.

Da dare kada a kashe fitilu duka. Ƙaramar fitila a bayan talabijin tana rage gajiyar ido. Zama kusa ba ya lalata ido, gajiya kawai yake kawowa. Amma yaron da kullum sai ya matso dab da fuskar, yana ƙanƙance ido, a kai shi asibitin ido a gwada shi, wataƙila ba ya hango nesa ne.